Noman Shu na Sin a Tsakar Gida: Wane Iri Ya Kamata a Zaɓa?

Duk wanda ya san unguwar Wadata ta birnin Yamai ya san gidajenta ba su da yalwar fili, ruwa kuma saye ake yi. Ba kowa ne ke da garka a bakin kogi kamar mutanen Saga da Gamkale ba. Amma da tsohon bokiti ko buhun siminti, uwar gida tana iya samun ɗanyen ganyen miya a ƙofar ɗakinta. Darasinmu na yau yana magana ne a kan wani ganye da ya dace da irin wannan noma, wato shu na Sin, wanda ake kira pak choi.

Wane irin ganye ne?

Ɗan'uwan shu ne, wanda ake ce wa kabeji a Najeriya, sai dai shi ba ya dunƙule kai. Asalinsa daga ƙasar Sin yake. Ana cin ganyensa da ƙafarsa duka. Yana ɗauke da bitamin A mai kare ido daga dundumi, da bitamin C, da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Shu yakan yi kusan wata 3 kafin ya nuna, shi kuwa wannan kwana 30 zuwa 50 sun ishe shi. Ke nan kuɗin ga-ruwa ya ragu.

Ire-irensa

1. Mai farar ƙafa, kamar Joi Choi. Yana girma sosai, ba ya saurin yin fure. Yana son tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin tushe da tushe, saboda haka ya fi dacewa da mai ɗan fili.

2. Mai koriyar ƙafa, kamar Mei Qing Choi. Gajere ne, yana da taushi, yana kuma jure ɗumi. Kwana 45 ake cire shi. Shi ne ya fi dacewa da ƙasarmu.

3. Ɗan ƙarami, kamar Toy Choy. Tazarar santimita 10 zuwa 15 ta ishe shi, ana cire shi bayan wata guda. Mai noman bokiti ko na saman bene, wannan ne nasa.

A lura wajen sayen iri

A duba ranar da aka rubuta a jikin takardar iri, kada a sayi wanda ya tsufa ko ya sha rana a kan tebur. Idan an ga alamar F1, to irin aure ne: ƴaƴan da aka tara daga gare shi ba za su yi kama da uwarsu ba, sai a sake sayen sabo.

Lokacin shuka

Ganyen nan ɗan sanyi ne. A shuka shi daga watan Nuwamba zuwa Janairu. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. A lokacin sai ya yi fure da wuri, ganyen ya yi ɗaci, wahala ta tashi a banza.

Yadda ake yi

A huda gindin bokiti mai zurfin santimita 20 domin ruwa ya riƙa fita. A cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. A binne iri zurfin santimita 1, cikin mako guda zai tsiro. A ajiye shi inda zai samu hantsi, ya samu inuwa da azahar. A ba shi ruwa safe da yamma.

Idan tsutsa ko darɓa ta kama shi, a daka ƴaƴan dogon yaro giram 50, a jiƙa su cikin lita 1 ta ruwa su kwana, a tace, a yayyafa da maraice.

Kiwon lafiya

Kada a shayar da shi da ruwan kwata, domin yana ɗauke da ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsar ciki. A wanke ganyen da ruwa mai tsabta, a sa shi a miya daf da saukewa, kada doguwar dahuwa ta kashe amfaninsa.

Shawararmu ita ce a fara da bokiti biyu, ɗaya mai koriyar ƙafa, ɗaya ɗan ƙarami. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tambayoyi

1. Wane iri ya fi dacewa da bokiti?
2. Me ya sa ba a shuka shi da bazara?
3. Mece ce ma'anar F1?