Shirin da ya faɗa ruwa

Ƴan aji biyar na wata makaranta a Jugu sun shirya tafiya Paraku don su ga tashar jirgin ƙasa. Kowa ya kawo kuɗin mota. Ana gobe za a tashi, motar ta lalace. Da safe malam ya rubuta a allo:

Notre voyage est tombé à l'eau.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: «Malam, wane ruwa? Ai rani muke ciki!» Aji ya fashe da dariya. Amma yarinyar tana da gaskiya, domin in aka bi kalma da kalma, jimlar cewa take: tafiyarmu ta faɗa ruwa.

Ba ruwan rafi ake nufi ba. In Bafaranshe ya ce abu ya faɗa ruwa, yana nufin an shirya shi, an sa rai, sai wani dalili ya hana a yi. Bahaushe ma da ruwa yake kwatance, yakan ce: «Shirin ya bi ruwa.»

Ana faɗin wannan magana game da tafiya, ko biki, ko wani aiki da aka ƙudurta. In kuwa mutum aka ambata, ma'ana ta sake. Duk wanda ya ji L'enfant est tombé à l'eau, to ya ruga da gudu, yaro ne ya faɗa ruwa na gaskiya!

A wajen rubutu ne ƴan makaranta suka fi yin kure. Voyage namiji ne: est tombé. Fête mace ce, sai a ƙara e: La fête est tombée à l'eau.

Malam ya kawo musu babban misali daga tashar da ba su samu gani ba. Titin jirgin ƙasa ya taso daga Kotonu, ya iso Paraku a 1936, bayan kilomita 438. Niyyar ita ce ya zarce arewa har Nijar. Bai zarce ba. A 2014 an soma shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, amma har yau titin bai haɗa Doso da Paraku ba. Malam ya sake ɗaukar alli:

Le projet est tombé à l'eau.

Aiki

1. Me ya hana ƴan aji biyar zuwa Paraku?
2. Ku cika gurbi: La réunion est ……… à l'eau.
3. Ku rubuta jimla biyu da Hausa kan wani shirinku da ya bi ruwa.