Shirin Kan Dutse Ake Yi Kafin A Hau Gandolar Banff

Wanda zai hau gandolar Banff da ke Kanada, wato ɗakunan gilashin nan masu cin mutum huɗu da igiyar ƙarfe ke ja zuwa kan Dutsen Sulphur, ya yi shirin abin da zai tarar a sama, domin tafiyar kanta minti 8 ce kacal. Cikin mintunan nan ana ɗaga mutum kusan mita 700, a sauke shi a tsayin mita 2,281. Iska kan ƙara sanyi da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, ga kuma kaɗawarta a fili babu abin da zai tare ta. Saboda haka a riƙe rigar sanyi da hula ko da a watan Yuli ne, a sa takalmi mai kama ƙasa, a kuma ware rabin yini.

Wani zai ce ai akwai gini a saman, da gidajen abinci da tagogi masu faɗi, me zai sa ya wahalar da kansa? Gaskiya ne, kuma ginin rahama ne ga tsofaffi da masu goyo. Sai dai daɗin wurin yana waje, a kan hanyar katako mai matakala da ke kai mutum ƙololuwar Sanson, inda tsohon ɗakin auna yanayi na duwatsu yake tsaye tun 1903. Da hunturu ƙanƙara kan daskare a matakalan, don haka a dafa makarin gefe, a taka a hankali. In gajimare ya rufe dutsen da safe, gara a ɗage hawan.