Ma'anar "Ya Da Zango"

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Karu, na yi wani kuskure wanda nake so 'yan'uwana ɗalibai su guje masa. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar Hausa, sai na rubuta a allo, "Matafiya sun yaɗa zango a Keffi." Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe zango ma yaɗa shi a kan yi kamar labari?" Yara suka bushe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Da aka tashi sai na tafi wurin wani tsohon malami, ya warware mini.

Daidai shi ne "ya da zango", ba lanƙwasa. "Ya da" ɗaya ne da "yar da", watau a ajiye abu ƙasa. "Yaɗa" kuwa watsawa ne.

Zango asalinsa maganar fatake ce. A zamanin da ayari kan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, in tafiyar yini ta ƙare sai madugu ya tsai da su inda akwai ruwa da ciyawa, a sauke wa jakuna kaya, a kwana. Wurin nan shi ne zango. Tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma sunanta ke nan, shi ya sa a kan ce gari kaza zango uku ne daga nan. Daga nan kuma muka sami "zangon karatu".

To, ga abin lura. Mai ya da zango bai kai inda za shi ba tukuna. Direban da ya taso daga Jos za shi Abuja, in ya tsaya a Akwanga fasinja su ci abinci su huta, zango ya ya da. Amma ma'aikacin da ya tare a Karu da iyalinsa bayan gwamnati ta komo Abuja a 1991, wannan zama ya yi. Ko da ya ke wani zangon ya kan daɗe har ya zama gari ko unguwa, kamar Zangon Katab, da zangon Hausawa na Kumasi.

Kashegari na gyara a gaban yara, na kuma gode wa yaron nan. Lalle malami ya tabbatar da kalma kafin ya ɗauki alli, gama abin da ya rubuta a allo shi yara arba'in za su kai gida.