Saukar Baƙo Cikin Kwamfuta: Darasi Ga Hakimai Da Magatakardansu

Ana faɗakar da hakimai da magatakarda na Likoro da sauran gundumomin Kudan, da Makarfi, da Ikara, a kan tsare rajistar ofis. Kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020. Wanda rajistarsa ta gonaki da iyakoki ke cikin tsohuwar manhaja, idan ya sami sabuwar kwamfuta tana yiwuwa manhajar ta ƙi buɗewa. Ran da rigimar gona ta zo gaban hakimi kuwa, rajista ce shaida.

Maganin wannan shi ne VirtualBox, manhaja ta kyauta wadda ke hannun kamfanin Oracle tun shekarar 2010. Tana ba tsohuwar Windows ɗaki cikin sabuwar kwamfuta. Sabuwar ita ce mai masauki, tsohuwar ita ce baƙuwa. To, baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ke yi mata jagora shi ake kira Guest Additions.

Ga yadda ake sa shi. Da fari, magatakarda ya tabbata batir ya cika, don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Ya ɗauki Snapshot, watau hoton halin da baƙuwa take ciki, domin ya sami wurin komawa in abu ya ɓaci. Sa'an nan ya kunna baƙuwa, ya danna Devices, ya zaɓi Insert Guest Additions CD image. Ya bi umurnin da ya bayyana har ƙarshe, kana ya kashe baƙuwa ya sake kunna ta.

In aiki ya yi kyau, allon baƙuwa zai buɗe daidai girman tagarta, linzami ya riƙa shiga da fita ba tangarɗa, agogonta kuma ya daidaita da na mai masauki.

In an sami cikas, a duba abu huɗu. Na ɗaya, idan kome bai bayyana ba, a buɗe faifan CD cikin baƙuwa, a danna VBoxWindowsAdditions.exe. Na biyu, idan linzami ya maƙale ciki, a danna Ctrl na hannun dama, zai fito. Na uku, idan an sabunta VirtualBox, ya kyautu a sake sa Guest Additions, domin lambobinsu su zo ɗaya. Na huɗu, idan takardu sun ƙi ƙetarewa, a keɓe jaka guda a Shared Folders, baƙuwa za ta same ta a \\VBOXSVR.

Kada a haɗa baƙuwa da intanet, gama ba mai tsaron ƙofarta yanzu. Hakimi kuwa ya sa a riƙa kwafe rajista cikin filas kowace Alhamis, a ajiye a wurinsa.