Kafin ka kashe aikin da ba ka sani ba

Ɗana, tunda ka fara zama a shago kana karɓar kwamfutocin mutane, akwai kukan da za ka riƙa ji kusan kullum: fanka tana ta gurnani, na'ura ta ɗau zafi, ga nauyi, alhali mai ita bai buɗe komai ba. Ka riƙe hannunka tukuna. Duba ake fara yi.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Taɓa kan layin CPU, wanda ya fi cin ƙarfi zai hau sama. Sai ka zauna ka zuba ido na ɗan lokaci, don wanda ya yi tsalle ya sauko daban yake da wanda ya kafe a sama.

Galibi ɗan gida ne yake aikinsa. Antimalware Service Executable mai gadin Windows ne yana binciken fayiloli. Windows Modules Installer Worker kuwa sabuntawa yake girkawa, kuma a wajenmu nasa yakan yi tsanani. Mutum ya shafe watanni bai haɗa na'ura da intanet ba don tsoron ƙarewar data, ranar da ya haɗa sai aiki ya taru masa. Ana tsaka da yi wuta ta ɗauke, batir ya mutu, gobe a sake komawa kai. Maganin nan haƙuri ne: jona caji, ka ƙyale ta ta gama. In kuma ka ga System Idle Process ya kai 95, kada hankalinka ya tashi, ƙarfin da ba a amfani da shi yake nunawa.

Inda za ka buɗe ido shi ne svchost.exe. Ganinsa da yawa ba laifi ba ne, haka Windows take tafiyar da hidimominta. Amma danna masa dama ka duba inda yake zaune. Na gaskiya yana cikin babban fayil ɗin Windows, galibi System32. In ka same shi a Temp ko Downloads, to baƙo ne ya ari sunan. Yawanci ta manhajojin sata yake shigowa, waɗanda yaranmu ke rabawa a filas, wani har kuɗin kirifto yake haƙa wa mai shi da ƙarfin na'urar bawan Allah. Haka nan manhajar riga-kafi biyu a na'ura ɗaya ba ƙarin tsaro ba ne, binciken juna za su yi ta yi. Cire ɗaya.

Abu biyu samari ke rainawa. Na farko Restart: tun daga Windows 8 a 2012, Shut down yakan adana wani sashe na tsarin don saurin tashi, Restart ne ke wanke komai. Na biyu ƙura. Bayan hunturu buɗe bayan na'urar ka ga yadda ta toshe fanka. Zafi na yin yawa, na'ura ke rage gudunta da kanta, ƙaramin aiki ma ya gagare ta.

Don Allah kada ka yi gaggawar goge komai ka sake girka Windows, hotuna da takardun mutane amana ne a hannunka. In Restart kaɗai ya warware matsalar, faɗa wa mai ita gaskiya, ka nuna masa yadda zai yi da kansa. Allah ya yi maka albarka.