Ƙyauren wadrob a gidan haya

Wasiƙun masu sauraro sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne.

Ta farko daga wani Alhaji ce a Hotoro. Ya ce ya kammala ginin gidan haya, an bar gurbin wadrob a bango, kafinta na ta zuga shi ya sa ƙyaure mai zugewa, mai madubi. Me muka gani?

Alhaji, Allah ya sanya alheri, amma kada ka biye masa. Mai zugewa a kan 'yan tayoyi yake tafiya cikin siririn kwari. Hunturu na kamawa ƙura ta cika kwarin, ƙyaure ya cije, yaro ya fizga, taya ta goce, sai a buga maka waya da tsakar dare. Madubi kuwa, ranar da ya fashe, kowa zai rantse a haka ya tarar da shi. Ka sa mai buɗewa. In hinji ya lalace, a kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu, kowane kafintan unguwa zai canza maka. Masu aikin sun ce dogon ƙyaure a sa masa hinji uku ko huɗu, faɗinsa kada ya wuce ƙafa 2, don kada ya rinjaya. Sai fa in ɗakin ya matse har gado zai tare shi, to nan mai zugewa ya halatta. Ku ma masu gini, ku riƙa barin wurin juyawa mana!

Wata Hajiya daga Zariya tana tambaya: MDF ko filawud? Hajiya, MDF garin katako ne aka matse da gam. Ga santsi ga kyau, amma in ruwan mofa ya riƙa taɓa gindinsa, kumbura yake kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma in sukuru ya zare, ba ya sake kamawa sosai. Ki sa filawud mai kaurin milimita 18, a shafe firam da maganin gara tun kafin a kafa.

Wane launi? Kai jama'a, wannan tambaya kullum sai ta zo. Ruwan ƙasa, yana ɓoye datti.

Wani kuma ya ce in ƙyaure ya karye, wa zai biya? Ku rubuta a takardar yarjejeniya kafin a miƙa makulli.

Ga injiniyan situdiyo can yana nuna mini agogo. Mai tambaya kan labule a madadin ƙyaure, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.