Darasin Kimiyyar Ƙasa: Yadda Ake Karanta Ɓargon Dutse

Mun saba karanta littafi daga hagu zuwa dama. Amma akwai wani littafi da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa, shi ne duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. A wannan darasi za mu duba iri biyu da sukan rikita mai koyo, wato shel mai yashi da yumɓun wuta, mu ga yadda ake gane su da kuma dalilin da ya sa kuskure a kansu yakan jawo asarar rai da dukiya.

Mene ne ɓargon dutse?

Kafin a buɗe mahaƙar kwal, sai an san abin da ke ƙasa. Ana kawo injin haƙa mai dogon bututu wanda aka dasa wa ƙananan lu'ulu'u a baki. Bututun yana juyawa yana yanka dutse, dutsen da ya yanko kuma yana shigewa cikinsa. Idan aka jawo shi waje sai a sami dutse dogo, mulmulalle kamar taɓarya, mai kaurin santimita biyar zuwa shida. Shi muke kira ɓargon dutse. Ana jera shi cikin akwatuna bi da bi, ana rubuta zurfin kowane yanki. Idan aka birkita jerin, aikin ya lalace, kamar littafin da aka yayyage shafukansa aka zuba a kwando.

Mu a Nijeriya wannan aiki ba baƙo ba ne. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu, a 1916 kuma hanyar jirgin ƙasa ta haɗa wurin da Fatakwal. Akwai kwal a Maiganga cikin Jihar Gombe, da yankin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa, da Anu Araren kusa da Agadas a Jamhuriyar Nijar. Kusan duk inda aka sami kwal, akan sami waɗannan duwatsu biyu a sama da shi ko a ƙasansa.

Girman ƙwaya

Mataki na farko shi ne sanin girman ƙwayoyin dutse. A ma'aunin da Wentworth ya fitar a 1922, yashi shi ne ƙwayar da ta kama daga kashi 1 cikin 16 na milimita zuwa milimita 2. Abin da ya fi wannan laushi, har zuwa kashi 1 cikin 256 na milimita, shi ne garin yashi. Abin da bai kai haka ba yumɓu ne.

Za mu iya ganin wannan da idonmu. Mu zuba ƙasar fadama cikin kwalba, mu cika da ruwa, mu girgiza, mu ajiye. Yashi zai kwanta nan da nan. Garin yashi zai biyo baya. Yumɓu kuwa sai ya kwana yana yawo cikin ruwan. Haka abin yake a koguna da tafkuna: ruwa mai gudu yana ajiye yashi, ruwa mai kwanciya yana ajiye laka. Idan laka ta daɗe a binne, nauyin abin da ke samanta ya matse ta, sai ta zama dutse mai ɓarewa falle-falle kamar takardu. Wannan shi ne shel.

Shel mai yashi

Shel mai yashi yana tsakanin shel zalla da dutsen yashi. Ga yadda ake gane shi:

1. A jiƙa ɓargon da ruwa, domin jiƙaƙƙen dutse ya fi nuna launinsa da zanensa.
2. A shafa shi da yatsa. Shel zalla yana da santsi, mai yashi kuwa yana da kaushi.
3. A kankare shi da wuƙa. Mai yashi yana yin ƙara yana cin bakin wuƙar. Tsofaffin ma'aikata sukan ɗan goga ɓarɓashinsa a haƙori: idan ya yi gurus-gurus, akwai garin yashi a ciki.
4. A duba shi da gilashin ƙara girma, ko za a ga ƙwayoyin yashi da ƙyalƙyalin maika.

Bayan haka sai a duba yadda yashin ya zauna. Wani lokaci yana zuwa hawa-hawa, farin yashi sannan baƙar laka, suna karɓa-karɓa. Wani lokaci siraran layuka ne kawai kamar zanen alli. Wani lokaci kuma ya gauraye da lakar gaba ɗaya, ba a ganin layi ko ɗaya. Akwai kuma wanda tsutsotsi da ƙananan halittu suka yamutsa tun yana laka, har ana ganin sawun ramukansu. Kowanne da sunansa a takardar rahoto.

Yumɓun wuta

Shi yumɓun wuta tsohuwar ƙasa ce, wadda itatuwan fadama suka tsiro a kanta. Itatuwan su ne suka mutu suka taru suka zama kwal, ƙasar kuma ta zauna a ƙarƙashinsu. A 1840 William Logan ya ba da rahoto cewa a kudancin Wales, a Birtaniya, ya iske irin wannan yumɓu cike da saiwoyi a ƙarƙashin shimfiɗun kwal ɗin da ya bincika. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa yawancin kwal ya samu ne a daidai inda itatuwan suka tsiro.

Alamominsa huɗu ne. Na ɗaya, ba ya ɓarewa falle-falle, domin saiwoyi sun riga sun ɓata layukansa. Idan aka fasa shi sai ya tarwatse gutsu-gutsu. Na biyu, akwai baƙaƙen sawun saiwoyi da ke ratsa shi daga sama zuwa ƙasa. Na uku, akwai fuskoki masu sheƙi da santsi kamar an goge su da mai, waɗanda suka samu sa'ad da yumɓun ya zame a kan kansa. Na huɗu, idan aka bar shi cikin ruwa ko a buɗaɗɗen wuri yakan narke ya zama ɓarɓashi. Launinsa yakan zama toka-toka, ko dai mai duhu ko mai haske da ɗan kore. Idan kuma yana da kaushi a hannu, sai a rubuta yumɓun wuta mai yashi.

Sunan ya samo asali daga amfaninsa. Wanda ke da sinadarin kawolin da yawa yana jure zafin da ya wuce digiri 1,500 a ma'aunin Selshiyos, don haka da shi ake yin tubalin da ake shimfiɗa wa cikin tanderun narka ƙarfe. Amma mu lura: masu haƙa sukan kira duk yumɓun da ke ƙarƙashin kwal da wannan suna, alhali ba kowanne ne ke jure wuta ba. Sai an gwada a ɗakin gwaji ake tabbatarwa.

Ba da lamba

Wata matsala ita ce, dutse ɗaya mutum uku sukan ba shi suna uku. Domin magance wannan, John Ferm na Jami'ar Kentucky a Amurka da abokan aikinsa suka fitar da littattafai masu hotunan ɓargon dutse a farkon shekarun 1980, kowane iri da lambarsa mai alƙaluma uku. Alƙalami na farko yana nuna jinsin dutsen: 1 shel, 3 shel mai yashi, 5 dutsen yashi. Na biyu yana nuna launi ko abin da ke ciki, na uku kuma yana nuna tsarinsa. Misali, 124 shel ne mai duhun toka, 127 yumɓun wuta mai duhun toka, 327 kuwa irinsa ne mai yashi. Ta haka mai haƙa da injiniya suke magana da harshe ɗaya, kwamfuta ma tana iya ajiye bayanin.

Me ya sa muka damu?

A mahaƙar ƙarƙashin ƙasa, dutsen da ke saman kwal shi ne rufin ɗakin da mutane ke aiki. Shel mai yashi wanda ya gauraye sosai yakan yi rufi mai ƙarfi. Wanda ke hawa-hawa siri-siri yana iya rabuwa a kan layukansa ya rufto. Yumɓun wuta a rufi ya fi haɗari, domin fuskokin nan masu santsi ba sa riƙe juna. Idan kuma a daɓe yake, da ya sha ruwa sai ya yi laushi ya kumbura, ginshiƙan da ke riƙe da rufi su nutse cikinsa. Wanda ya rubuta shel a inda ya kamata ya rubuta yumɓun wuta, ya yaudari injiniyan da zai lissafa yawan tokarin da za a sa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Abin yi

Ba sai muna da injin haƙa ba. Idan ana gina rijiya a unguwarmu, mu roƙi masu aikin su ba mu samfurin kowane hawa, mu jera, mu rubuta zurfi, launi, kaushi ko santsi, da yadda yake fashewa. Kada kowa ya shiga rami ko ya tsaya a bakinsa. A kawo abin da aka samu ɗakin kimiyya idan an dawo hutu, mu gwada tare.